Sun Ce Masa Aboki

Ni lissafi aka ɗauke ni in koyar, ba rabon faɗa ba. Amma tunda ni kaɗai ne malamin da ke jin Hausa a 'yar makarantarmu ta bayan layin dogo a Agege, cikin Legas, duk ɗan Bahaushen da ya yi laifi ni ake turo wa. Har bita ta kwana biyu aka tura ni a kan koya wa yara danne fushi, na dawo da ƙaramin littafi da hula mai tambari. Hular ma ba ta shige ni ba.

Ranar Litinin shugabarmu, Madam Florence, ta kira ni ofis. Yara biyu 'yan aji uku suna tsaye. Harisu, haifaffen Agege, ɗan mahauci, leɓensa a fashe, rabin haƙorinsa na gaba babu. Ɗayan Salissou ne, wanda ya zo daga Maraɗi wata uku da suka wuce. Shi ya yi dukan.

Dokarmu ita ce duk wanda ya fitar wa wani jini, kora ce. Madam ta ce min da Turanci ta ba ni zuwa Juma'a. In Salissou ya ba da haƙuri gaban kowa suka yi musabaha, ya zauna. In ya ƙi, ya kwashe littattafansa.

Da rana uban Salissou ya zo da kayan gadinsa a jiki, daga Ikeja, ya durƙusa min, dattijo da furfura.

"Malam, don boko na rabo shi da uwa tai. In anka kore shi sai dako a kasuwar Mile 12."

Na ce ya tashi, zan yi iya ƙoƙarina. Na faɗa ne kawai yadda ake faɗa, ban ji komai ba.

Kwana biyu ina zaunar da yaron nan a ɗakin malamai bayan an tashi, ko uffan bai ce ba. Na buɗe littafin bitar ina karanta masa. Ka ja numfashi. Ka ƙirga zuwa goma. Ka faɗi abin da kake ji. Yana kallon bango, ni ma rabin hankalina yana kan layin danfo, motar haya, da zan tarar a tasha. Ranar Laraba haƙurina ya ƙare, na rufe littafin na buga shi a tebur.

"Kai, ni fa ba ni za a kora ba. Ka yi magana ko ka tashi ka ba ni wuri."

Sai ya ce, "Mushe, mi aboki ke nufi nan?"

Mushe shi ne malam a bakinsu na Nijar. Na ce ya ci gaba.

Ashe tun ranar da ya shigo ajin, yara suke ce masa aboki. Aboki zo, aboki ɗauko, aboki share allo. Shi kuma murna kamar me. Bai jin Turanci sosai, bai jin Yarbanci ko kaɗan, kalma ɗaya ya ji ta yarensu, ya riƙe ta hannu biyu. Wanda ya fi kowa kiransa da ita Harisu ne, don haka kullum da shi yake raba burodinsa. Har saƙon murya ya tura wa uwarsa a wayar ubansa, ya ce kada ta damu, duk ajin abokansa ne.

Matar da ke sayar da burodi a bakin ƙofa ce ta ji tausayinsa, ta gaya masa. A Legas in an ce maka aboki, ba abota ake nufi ba. Ana nufin ɗan Arewa baƙauye, mai gadi, mai wankin takalmi, wanda bai san komai ba. Ya koma aji ya tambayi Harisu da Hausa, ashe haka ne? Harisu ya amsa masa da Yarbanci, ajin ya kwashe da dariya. Shi ke nan abin da ya tuna.

Ya ce, "Wata ukku ina amsawa, Mushe. Ina dariya."

Shekarata ashirin da biyu a garin nan. Kwandastan danfo ya ce min aboki da safiyar ranar, na miƙa masa kuɗin mota. Na lalubi raina in ji ko labarin yaron zai motsa wani abu, na tarar wayam.

Washegari na kira Harisu shi kaɗai. Na ce, "Kai ɗin banza, ubanka daga ina ya zo? Ba daga Bici ba?"

Ya sunkuyar da kai, yana taɓa guntun haƙorin da harshe.

"Malam, ni suke ce wa haka tun aji ɗaya. Da ya zo sai aka bar ni."

Littafin bitar bai kawo wannan ba. Na ce ya tafi, gobe ya miƙa hannu in an ce ya miƙa.

Saura Salissou, kuma saura kwana ɗaya. Ya ce shi ba zai ba da haƙuri ba, ko za a yanka shi. Sai na ajiye littafin na gaya masa abin da ni nake yi.

"In an kira ka da ita, ka ɗauka da wani ake. Ka bar jikinka a wurin, kai ka matsa gefe. Haƙurin gobe ma haka za ka yi, bakinka ne zai faɗa, ba kai ba."

Ya ce, "Kai ba ta yi maka zahi?"

"Ta daina."

"Yaushe?"

Wallahi na yi ƙoƙarin tunawa, na kasa.

Ranar Juma'a da safe, gaban yara ɗari uku, Salissou ya fito ya faɗi jimlar Turancin da na rubuta masa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Suka yi musabaha. Aka tafa. Madam Florence ta ji daɗi ƙwarai, ta dafa kafaɗunsu ta ce daga yau su biyun nan abota ce tsakaninsu. Ta juyo ta ce in fassara wa uban, wanda ke tsaye a gefe da hularsa a hannu. Na buɗe baki, na ga kalmar da zan faɗa aboki ce. Na ce masa, "Ta ce magana ta wuce."

Dattijon ya yi ta sa min albarka har bakin ƙofa.

Ba a kori Salissou ba. Tun daga ranar bai sake taɓa kowa ba, bai ɗaga murya ba. Makinsa na lissafi ma ya ƙaru. In aka ce aboki share allo, sai ya tashi ya share, fuskarsa babu komai. Madam ta sa labarinsa a rahoton ƙarshen zango, ta ƙara min yara huɗu masu zafin zuciya.

Bayan sati uku Harisu ya tare ni a baranda, ina riƙe da alli zan shiga aji biyu. Ya rame kaɗan.

"Malam, na ba shi haƙuri fa, na gaske, da Hausa. Sau uku. Na hana sauran kiransa haka, har na yi faɗa da Tunde ɗan ajinmu a kai. Jiya na kawo masa balangu daga wurin Babanmu."

"To, sai me?"

"Ya ce ya gode. Ya karɓa ya ajiye. Ba ya fushi, ba ya dariya, ka yi masa magana kamar ba ya nan." Ya ƙara da cewa, "Da can ko zaginsa na yi yana ji. Malam, me ka yi masa?"

Na ce, "Na hana a kore shi."

Ya tsaya yana jiran sauran. Babu saura. Na ce ya matsa min hanya, yara suna jirana.