Kwakwar Linval

Miss Icilda na tsakiyar yi wa wata Baturiya kitso a bakin teku, amma idonta na can saman bishiyar kwakwar da ke cikin shingen otal, inda Maas Fitzroy ke hawa da adda a ƙugu. Sai ta kitsa ta warware, ta sake kitsawa.

"Gaskiya kun dace," in ji Baturiyar, wadda za a ɗaura wa aure ranar Asabar a gindin bishiyar. "Farin yashi, ruwa garau har ana ganin kifi, kullum rana. Ni da a Jamaika aka haife ni, ina zan je?"

"Haka ne, 'yata. Sunkuyar da kai."

A gindin bishiyar nan Miss Icilda ta binne cibiyar ɗanta Linval, ta dasa kwakwa a kai kamar yadda iyaye ke yi, tun wurin yana filin surukinta, tun ba a san za a kafa otal ba. Manya sun ce inda cibiyar mutum take, can zai dawo komai daren daɗewa. To Linval ya tafi Kanada tsinkar tuffa da alkawarin kaka ɗaya, ga shi har furfura ta fara fito masa a hoto. Kewarsa ta ishe ta. Ta yi tunani ta yi tunani, ta gano inda gizo ke saƙar: yaya yaro zai dawo wurin da uwarsa ma ba ta isa ta shiga ba sai da munduwar roba irin ta baƙin otal a hannu? Sai ta ƙudurta samun ƙwallo ɗaya daga bishiyar, ta dasa a ƙofar gidanta a kan tudu, ko ya gane hanya.

Sai dai kwakwar otal ba ta ƙosawa. Tun tana ɗanya ake sare ta, don kada ta faɗo a kan baƙo ya tafi da labari. Aikin Maas Fitzroy ke nan.

"So kike a kore ni, Miss Icy?" ya ce ranar da ta roƙe shi. "Ke za ki ciyar da ni?"

"Me kake ci banda giyar rake, tsohon biri? Ɗaya tak na ce."

Ya yi mita ya gaji, ya kuma bar mata ɗaya, ya lulluɓe ta da ganye. Wata da watanni tana gaishe ta da ido kowace safiya. Saura ƙiris ta ƙosa, sai ga bikin nan. Yau sabon manaja da kansa ya tsaya a gindin bishiyar, hannu a goshi, yana leƙe.

"Waccan fa? Ta bayan ganyen?"

"Wace, yallaɓai? Idona ya tsufa."

"Nawa bai tsufa ba. Sauko da ita."

Maas Fitzroy ya dubi inda Miss Icilda take zaune. Ita kuwa ta kau da kai, don ta san yana da jikoki. Ta ji saran har cikin ƙirjinta.

Da manaja ya wuce, ya lallaɓo ya miƙo mata ta saman shinge. Ta goge man kitso a zaninta, ta ɗora kwakwar a kunne, ta girgiza. Wadda ta ƙosa ruwanta kan yi motsi, ita ce ke tsirowa. Wannan shiru, cike take fal. Ta sake girgizawa, ta koma ɗaya kunnen.

"Da mun samu ko makonni kaɗan ne," in ji shi a hankali. "Ki yafe ni. Zan sake bar miki wata kwakwar."

"Da wannan mai idon shaho? Bari, Maas Fitzroy."

Baturiyar ta ɗago. "Lafiya? Kwakwar ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau. Ba ta kai shuka ba ne kawai."

"Ayya. Ni ko ɗanyar ban taɓa sha ba. Garinmu a Kanada babu komai sai gonakin tuffa da sanyi."

Hannun Miss Icilda ya tsaya cak. Tambayoyi suka cika mata baki: ko ta san wani dogo mai wushirya, ko suna ba su riguna masu kauri, ko yana cin abinci. Amma ƙasar da faɗi, ta sani. Ta haɗiye su duka, ta miƙa wa Maas Fitzroy kwakwar.

"Fasa mata."

"Miss Icy, wannan fa..."

"Na ce ka fasa."

Ya sare bakin da sara uku. Baturiyar ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce ba ta taɓa shan abu mai daɗin wannan ba, sannan ta miƙo mata ragowar.

"A'a, 'yata, shanye abinki. Kada ki bar ko ɗigo a nan." Ta tsaya tana kallon maƙogwaronta har ruwan ya ƙare. In kwakwar ba za ta tsiro a nan ba, ai ruwanta ya bi ta har ƙasar da Linval yake. "Yaushe kika ce za ki koma gida?"