Ƙuri'ar Mama Odessa

Tun da ciwon suga ya cinye idanun Mama, wuri ɗaya ne a duk garinmu take zuwa ba tare da an riƙe mata hannu ba, wato Lambun Tillery da ke bayan gidanmu. Da hantsi za ta ɗauki sandarta ta fita ta ƙofar baya, ta bi hanyar tsakuwa har ƙaramar gadar katako, ta zauna a benci ƙarƙashin itatuwan pikan, masu 'ya'ya kamar gyaɗa mai ɓawo mai tauri. Ƙafafunta sun haddace wurin. In ta ji ɓawon pikan ya fashe a ƙarƙashin takalminta, ta san ta iso. Amma coci ko asibiti ko kanti, dole ta rataya a hannuna, kuma ba abin da ta tsana kamar wannan.

Sai majalisar gari ta ɓullo da maganar sabon titi, irin wanda ake biyan kuɗi kafin a hau, wai don mutanen unguwannin arewa su huta da cunkoson safe. A taswirarsu titin ya bi ta kan gadar katakon nan daidai. Da yake lambun na gari ne, doka ta ce sai an tambaye mu, aka sa maganar a takardar ƙuri'ar watan Nuwamba: eh ko a'a.

Ni Vernita ban tsaya wata-wata ba. Na kafa allon A'A a gaban gida, na bi ƙofa-ƙofa har tafin ƙafata ya yi kanta, na ɓata da mai gyara mini gashi, na tare fasto a bakin coci sai da ya nemi hanyar gudu. Ƙanena Lemuel kuwa, autan Mama kuma ɗan lelenta, bai kafa allon komai ba, amma kowa ya san inda ransa yake. Direban katafila ne. Tun da kamfaninsu ya rufe yake zaman kashe wando, ga mata ga 'ya'ya uku, ƙungiyar ma'aikatansu kuma ta ce in titin ya ci akwai aikin shekaru.

Wata Lahadi muna cin soyayyiyar kaza da dafaffen ganye da burodin masara a teburin Mama, na wanke shi tas. Na ce wane irin ɗa ne zai hau katafila ya tumɓuke bencin uwarsa. Bai ɗago kai ba, sai juya cokali yake yi a cikin ganye. Da na ƙi yin shiru ya ce, "Yaya, ke albashinki na shigowa, titi ko ba titi." Mama ta ce a miƙo mata barkono, ta yi kunnen uwar shegu da mu duka. Ni dai na ɗauka shirunta goyon bayana ne.

A wurinmu makaho yana da damar zaɓar wanda zai raka shi ya cike masa takardar ƙuri'a, muddin mai rakiyar ya sa hannu cewa abin da aka faɗa masa zai cike. Tun da Mama ta makance ni nake yi mata. Don haka ranar Talatar zaɓe na guge mata shuɗiyar rigarta, na ɗora mata hular coci, muka tafi zauren makarantar firamare. Lemuel ya riga mu zuwa, yana tsaye a layi kamar wanda aka kawo kotu.

Da muka isa tebur, jami'ar zaɓen ta tambayi Mama wa zai taimaka mata. Har na miƙa hannu zan karɓi biro, sai Mama ta zare hannunta daga nawa.

"Lemuel yana nan? Shi zai shiga da ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata shi ke nan, zai cike abin da yake so, ita ko ba ta gani. Na je nawa akwatin na cike A'A da ƙarfin da biro ya kusa huda takardar, sannan na tsaya kusa da su ina kasa kunne. Ba sai na wahala ba ma, domin Mama Odessa ba ta taɓa iya raɗa ba a rayuwarta.

Lemuel ya karanto mata sunayen 'yan takara tana zaɓa. Da suka zo kan titi ya karanta tambayar a hankali.

"Cike eh," in ji Mama.

"Mama, eh yana nufin a yi titin fa. Ta kan gadarki zai bi."

"Makanta na yi, auta, ba wauta ba. Cike eh."

Ya tsaya riƙe da biro. Ya ce mata kada ta yi don shi, zai nemi wani aikin ko a wata jiha ce. Ta ce wata jihar ita ce abin da ba ta so, kuma bayanta ya fara ciwo, ya yi sauri. Ina kallonsa ya cike da'irar eh a takardar, ya goge ido da hannun riga.

A mota ban iya haƙuri ba. Na ce duk wahalar da na sha don wa na sha ta? Na ce in ma eh take so, me ya hana ta gaya mini, ni da na saba shiga da ita? Ta bar ni na gama zuba, tana shafa 'yar takardar da suka manna mata a ƙirji, mai cewa ta yi zaɓe.

"Vernita, da ke na shiga, da a'a za ki cike. Ki kuma ce don ni kika yi."

Na buɗe baki zan musa, sai na ji jikina ya yi sanyi, don na san ba ƙarya ta faɗa ba. Muka isa gida. A bakin ƙofa ta ce kada in zaci abin bai dame ta ba. Ta ce tun da aka fara maganar ba ta yi barcin kirki ba, kuma ba ta san yadda za ta yi da safiyarta ba in an kewaye wurin da waya.

Titin ya ci, da ƙyar. Aka ce sai bazara za a fara aiki.

Washegari da hantsi na ji ƙarar sandarta a matakalar baya. Na jefar da tsumman wanke-wanke na bi ta, tausayinta ya cika ni, na kama gwiwar hannunta kamar yadda nake yi in za mu asibiti. Ta tsaya cak.

"Sake ni. Har yanzu ba su zo ba."

Na sake ta. Na tsaya a bakin hanyar tsakuwar ina kallon shuɗiyar rigarta tana tafiya ita kaɗai, har na jiyo sandar tana buga katakon gada.