Shaidar Bana Kapambwe

A unguwar masu haƙar tagulla da ke gefen Kitwe, ba a kai amarya ɗakinta sai ta kwana uku a hannun Bana Kapambwe, wato uwar Kapambwe a harshensu. Tumatir da busasshen kifi take sayarwa a kasuwa, amma aikin da aka san ta da shi shi ne horon amare: yadda ake durƙusa wa surukai, yadda ake tuƙa nshima, tuwonsu na masara, ba gudaji, da sauran abubuwan da ba a faɗa gaban maza. Darasinta na ƙarshe kullum ɗaya ne. Takan sa yarinya ta dafe bakinta da tafin hannu, ta yi alkawarin duk abin da ya same ta a ɗakin miji ba mai ji. Haka aka hore ta ita ma, ta zauna da mijinta shekara talatin da huɗu, da daɗi ba daɗi, har ƙasa ta rufe masa ido.

Cikin amaren da suka bi ta hannunta akwai Mwaba, wata tela mai yawan dariya, wadda uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Mayo, wato inna, take ce wa Bana Kapambwe, kamar ita ta haife ta. Mijinta Nkole direban injin ne a ramin tagulla, ɗan Bana Nkole, aminiyar Bana Kapambwe da suke waƙa tare a majami'a tun suna da ƙuruciya.

Wata biyar da biki Mwaba ta zo da leɓe a fashe. Bana Kapambwe ta dafa ruwan gishiri ta gasa mata, ta tambaye ta abin da ta faɗa masa har ya fusata, ta mayar da ita. Karo na biyu wuyan hannu ne ya goce. Aka tara dangi, Nkole ya durƙusa ya kawo farar kaza, ya ce gajiyar rami ce da giyar ƙarshen wata. Aka yanka kazar aka ci.

Karo na uku a kasuwa ta same ta, ranar wata Asabar da hantsi, da 'yar jaka a hannu. Ba ciwo a fuskarta. Ta tsuguna bayan kwandon tumatir ta ce a bar ta ta zauna a gidan Bana Kapambwe ko da kwana biyu ne, don tun jiya bai ce mata uffan ba, shirun nan kuwa ta san abin da ke binsa. Bana Kapambwe ta dubi matan da ke gefe sun miƙe wuya. Ta ga idan amaryar da ta hora ta gudo, gobe sunanta ne zai zaga kasuwa. Ta bar wa maƙwabciyarta kayan, ta ɗauki jakar da kanta, ta raka yarinyar har ƙofar gidan mijinta.

Ranar Litinin da azahar labari ya iso kasuwa. Nkole ya dawo daga aiki ya tarar Mwaba tana auna wa wani malamin makaranta wando a baranda. Bai yi magana ba sai da mutumin ya tafi, sannan ya ja ta ciki ya kulle. Da bututun ƙarfe ya yi amfani. Sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

A asibiti Bana Kapambwe ta wuce gadon Mwaba sau biyu ba ta gane ta ba. Muƙamuƙi ya karye an ɗaure shi da waya, idon hagu kuma likita ya ce ya tafi. Wata 'yar sanda da ke zaune a gefe ta nuna mata takarda. An ba Mwaba biro ta rubuta abin da ya faru, ga abin da ta rubuta: na faɗo daga kan tebur ina rataye labule. 'Yar sandar ta ce maƙwabta sun ji ihu amma ba wanda ya ga duka, kowa kuma ya ce ba ya son shiga. In ba a sami mai magana ba, shari'ar ba za ta yi nisa ba.

A farfajiya Bana Nkole ta tare ta, idanu sun kumbura. Ta kama hannuwanta biyu ta roƙe ta, in an tambaye ta ta ce ba ta taɓa jin wani saɓani ba. Ɗanta ke nan tilo, in aka ɗaure shi aikin ya tafi, gidan kamfani ya tafi. Ta yi alkawarin ita da kanta za ta yi jinyar yarinyar.

"Ƙawata, ni da ke wa bai sha duka ba? Ga mu nan da ranmu."

Bana Kapambwe ta zare hannuwanta a hankali. Ta koma ciki. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi wa yarinya ba, ta durƙusa a gaban gadon da gwiwoyinta masu ciwo.

"Mwaba, 'yata, alkawarin nan da na sa kika yi, na warware miki shi. Ba daidai na koya miki ba. Ni na ɗauki jakarki na mayar da ke. Ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba, ni zan faɗa."

Mwaba ta kalle ta da idon da ya rage, ta juya fuska bango. Sai washegari ta nemi a kawo mata wata takardar.

Ranar shari'a Bana Kapambwe ta ɗaura zanen majami'a. Ta faɗi leɓen, ta faɗi hannun, ta faɗi kazar da su waye suka ci. Lauyan Nkole ya tambaye ta, in har ta san duk wannan, me ya sa ta mayar da yarinyar? Ta ce tsoron bakin mutane. Nkole, wanda ta goya yana jariri ranar da uwarsa ta kwanta zazzaɓi, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Aka yanke masa shekara tara.

Mwaba ta koma wajen yayanta a Kasama da kekenta na ɗinki. Ba ta zo sallama ba, Bana Kapambwe kuwa ba ta ga laifinta ba. A majami'a Bana Nkole ta sauya benci, sannan ta daina zuwa waƙa gaba ɗaya. Bukukuwa huɗu aka yi a unguwar a wannan damina, ba amarya ko ɗaya da aka aiko mata. A kasuwa maƙwabciyarta ta riƙa tsokanarta da Mai Shari'a, tana cewa a yi hattara da ita kada tumatir ya tsinci kansa a kurkuku. Wani lokaci takan yi murmushi, wani lokaci ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan an girbe masara wata mata baƙuwa a unguwar ta zo rumfarta da 'yarta, doguwar yarinya mai kunya, za a yi bikinta a watan gobe. Bana Kapambwe ta ba su kujera ta ce za ta karɓa, amma a ji tun yanzu: za ta nuna wa yarinyar hanyar gidanta ita Bana Kapambwe da ta ofishin 'yan sanda, kuma angon ma sai an kawo shi ya zauna ya saurara. Matar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga ba wasa ba sai ta miƙe, ta ce za su yi shawara da uban yarinyar, ta ja hannun 'yarta suka nufi layin masu kabeji.

Yarinyar ta waiwayo sau ɗaya. Bana Kapambwe ta ɗaga mata hannu, ta nuna mata lambar da ke jikin rumfar da yatsa don ta san inda za ta same ta, sannan ta juya ga wani mai sayen kifi da ya gaji da jira.