Totur Huɗu na Baba Gana

"Ba haka ba, Tasi'u," in ji Baba Gana. "Duka huɗun za ka ja tare, da tafin hannu."

A lokacin ruwa ya riga ya shigo ɗakin, ya rufe mini idon sawu. Tun bayan azahar jingar da ke bayan unguwarmu ta ɓalle, kogin Haɗeja ya biyo lungu yana kwasar buta da takalma. Na kai iyalina bakin titi, inda ƙasa ta fi tudu, na dawo don in goya Baba Gana, maƙwabcina na katanga ɗaya. Sai ga ni zaune a gefensa, hannuna a kan kayan wasa.

Baba Gana bakaniken injin ban ruwa ne, duk fadamarmu babu manomin da bai taɓa kai masa inji ba. Amma ransa na wajen jirgin sama, alhali bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Shekarar da ya samu kujerar Makka ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, likita ya ce ba zai iya tafiyar ba. Sai 'yarsa Adila da ke aiki a Kano ta kawo masa kwamfuta mai wasan tuƙin jirgi, da sitiyari, da wani baƙin akwati mai totur huɗu a jere, kowane injin jirgi da nasa. Ta haɗa masa da sola. Mun yi ta tsokanarsa a majalisa, muna ce masa Kyaftin, shi kuwa ko a jikinsa.

A ranar da hantsi ya tashi jirginsa daga Kano zuwa Jidda, tafiyar awa huɗu da wani abu, babu tsallake. Matarsa, Iya Yagana, ita ta tura masa totur wajen tashi, don hannu ɗaya gare shi, na sitiyari. Yanzu Shu'ibu mai kwale-kwale ya fitar da ita tare da matan lungu, tana tafe tana roƙona kada in baro mata shi.

Da na shigo na durƙusa na ba shi baya.

"Baba, hau mu tafi. Katangar nan ta sha ruwa."

"Saura minti ashirin in sauka."

"Baba, wasa ne fa."

"Na san wasa ne, ban haukace ba. Sau bakwai ina tashi, batir na mutuwa a hanya. Yau ga teku nan a gabana. Ara mini hannunka na dama."

Na kama kafaɗarsa zan ɗaga shi ko yana so ko ba ya so. Ya ƙanƙame ƙafar tebur da hannunsa mai lafiya, ya dube ni. Mutumin da ya gyara wa mahaifina inji, ya gyara mini, ban iya jan sa kamar buhun shinkafa ba. Na zauna.

Ni matsoraci ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Ko kwale-kwale na shiga sai na rufe ido. Ginin ƙasa kuwa na san yadda yake faɗuwa: ba ya gargaɗi, gindinsa ne ke narkewa ya zauna a kan mutum. Ina jin yaɓen bangon bayanmu yana ɓantarowa yana faɗawa cikin ruwa, cul, cul. Kowane ɗaya sai na waiwayi bangon.

Da ya ce in rage wuta, sai na yi abin da hannuna ya saba. A gona in injinan ban ruwa suna aiki a jere, ɗaya bayan ɗaya muke kashe su, kada ruwa ya dawo da ƙarfi ya fasa tiyo. Shi da kansa ya koya mana haka. Na ja totur na farko har ƙasa, na bar ukun. Nan take jirgin ya karkata hagu, teku ta miƙe tsaye a fuskar kwamfutar, wani abu ya fara ƙara.

"Mayar da shi," ya ce, yana kokawa da sitiyari. "Wannan ba fadama ba ce. In ka kashe na gefe ɗaya, na ɗaya gefen su juya ka."

Na mayar, jirgin ya daidaita. Ya yi 'yar dariya da rabin bakinsa, gumi na bin wuyansa. A nan ne ya nuna mini yadda zan kifa tafin hannu a kan kawunan huɗun, in riƙa ja a hankali.

"Kaɗan. Tsaya nan. Ka ga farin layin can? Gaɓa ce."

Ruwa ya kai ƙwauri. Tabarma ta taso tana yawo a tsakar ɗaki. Daga waje na ji wata katanga ta zube, ƙasa ta girgiza har cikin kujerata, awaki suka ɗau kuka. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na tuna 'ya'yana a bakin titi, na ji haushin tsohon nan, na ji haushin kaina da na biye masa. Amma ban ɗaga hannu ba.

"Tasi'u, kana tsoro?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Ni ma," ya ce. "Ƙara ja kaɗan."

Gari ya bayyana, fararen gidaje, sannan doguwar hanyar sauka da fitilu gefe da gefe. Idona na kanta. Ya ce in ya ce yanzu, in ja duka huɗun har ƙarshe. Hanyar ta yi ta matsowa tana faɗi.

"Baba, yanzu?"

Na sake tambaya, idona na kan hanyar.

"Baba, in ja?"

Jirgin ya bi ta saman hanyar bai taɓa ƙasa ba, fitilun suka wuce ta ƙarƙashinmu, sai rairayi. Sannan na juya. Kansa ya kwanta a kafaɗarsa ta dama, idonsa a buɗe, hannunsa na kan sitiyari. Na kira shi sau uku. Na yi salati, na shafa masa ido da hannun hagu, don na dama ya ƙi barin totur ɗin. Ban san yadda ake saukar da jirgi ba, ban kuma iya kashe masa inji a sama ba.

Haka Shu'ibu ya same mu. Ya leƙo, ya dubi Baba, ya dubi bangon.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tasi'u, taso. Kama ƙafafun."

Muka naɗe shi a zanen gado muka fito, ruwa har gwiwa. Mun kai bakin lungu ke nan ɗakin ya zauna, ba wata babbar ƙara, sai jar ƙasa da ta bazu a kan ruwa.

Iya Yagana tana tsaye a bakin titi. Ta ga zanen tun daga nesa, ta zauna a ƙasa. Da muka iso ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta dai ɗago ta dube ni.

"Ya sauka?"

Na dubi ƙasa. Ta gyaɗa kai, ta jawo bakin zanen ta rufe masa ƙafar da ta leƙo, ta bar hannunta a wurin.