Dutsen da Kaka Ya Ɗauko

A ƙauyensu na bakin kogi kusa da garin Abu Hujar, can gabas nesa ƙwarai da Sakkwato, Mato yana da wani baƙin dutse mai ƙananan ramuka, bai fi dunƙulen hannu ba. Ya ce kakansa ya ɗauko shi daga Sakkwato, a ƙafa. Duk jaririn da aka haifa a gidan, ranar suna sai an ɗora tafin ƙafarsa a kai, don ya fara taka ƙasar iyaye kafin ta wasu.

Ranar sunan ɗan Attahiru, autan Mato, maza suka cika rumfa ana shan shayi. Mato ya karɓi jaririn, ya kwance dutsen daga ƙyalle. Sai ya hango jikarsa Widad, wadda ke karatun duwatsu a jami'a a birnin Madani.

"Amarya, zo nan. An ce duwatsu kike karanta, don miji ya gagara. Faɗa wa mutanen nan daga ina wannan ya fito."

Ta jujjuya shi a hannu. "Angona, bari a ci abinci tukuna."

"Yanzu nike son ji."

Ta sunkuyar da kai. "Kaka, na Habasha ne. Can ƙarƙashin ƙasarsu wani zafi ya taso daga nesa ƙwarai, dutse ya narke ya malalo kamar kunu, ya daskare ya zama tsaunuka. Ramukan nan iska ce ta fita. Kogin nan namu ke gangarowa da irinsa. In ruwa ya janye, ana tsintarsa a gaɓa."

Salih, abokin wasan Mato, ya kurɓi shayi. "Ashe kakan naka a bakin kogi ya gaji, ya duƙa ya tsinta."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mato bai ɗago ba. Ya tuna yawan ƙafafun da ya ɗora a kan dutsen nan, da baƙin da ya hana su taɓa shi. Ƙarya yarinyar ba ta yi masa ba tun tana rarrafe, kuma shi ya matsa mata.

Jaririn ya motsa, ƙafarsa a waje.

"Baba, a ɗora?" in ji Attahiru.

Mato ya ja zani ya rufe ƙafar.

"Kai shi wurin uwarsa. Sanyi yake ji."