Tauraruwar Ƙeya

A gidan marigayi Malam Martin da ke Bomo, kusa da Samaru, kowa ya san labarin fim ɗin Kaka Clara, kuma babu wanda ya taɓa yarda da shi. Labarin dai shi ne, tun tana budurwa wasu masu ɗaukar fim suka sauka ƙauyensu, suka tsayar da ita bakin rijiya, jarumin fim ɗin ya zo ya roƙi ruwa, ta juyo ta dube shi. Iyakar aikinta ke nan. Ko iyayenta ba ta gaya wa ba, don a lokacin dattawan coci ba su ɗauki silima wurin 'ya'yan kirki ba. Bayan aurenta da 'yan watanni aka kawo fim ɗin Sabon Gari, ta sa angonta ya goya ta a keke tun daga Samaru don ya ga matarsa a allo. Aka nuno rijiya, aka nuno bayan wata yarinya riƙe da guga. Clara ta ƙanƙame hannun mijinta. Yarinyar ta fara juyowa ke nan, sai hoton ya yi tsalle, ga jarumi can yana tafiya yana goge baki.

Har Malam Martin ya koma ga Ubangijinsa, in ya so tsokanarta sai ya kira ta Tauraruwar Ƙeya. 'Ya'ya suka tashi suka gaji sunan. Ita kuwa ta ja bakinta ta yi shiru shekara da shekaru. Sai a daminar bana, da yanar ido ta rufe mata gani ta daina zuwa gona, ta dawo da zancen. Ɗalibai 'yan haya sun ji shi, matan zumuntar coci sun ji, mai kawo gawayi ma ya ji sau biyu.

Jikarta Ƙauna ce ke zaune da ita. Ta gama jami'a tana jiran tafiya bautar ƙasa, kuma irin mutanen nan ne da za a yini da su a ɗaki a manta suna nan. Ranar Laraba kawunta Felix, babban ɗan Kaka, ya kira ta daga Kaduna.

"Likitan da ya duba idonta ya tambaye ni, tana yawan ba da labarin abin da bai faru ba? Na ce masa sosai ma. Ga shi ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Ke kuma tafiya za ki yi. Ki haɗa mata kaya, ranar Asabar zan zo in ɗauke ta."

"Kawu, ta ce ba ta son benen gidanka."

"Wanda ya fara ruɗewa ba a tambayarsa abin da yake so, Ƙauna."

Ƙauna ta ce to. Da ta gaya wa Kaka, tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta shafa bangon ɗakinta kawai, ta ce a nan ta san inda kowace ƙusa take ko da ido a rufe, can kuwa sai an riƙe mata hannu zuwa bayi.

Washegari Ƙauna ta hau bas zuwa PZ, can Sabon Gari, ba tare da ta san takamaiman abin da take nema ba. Tsohuwar silimar tana nan, amma ta zama ɗakin ajiyar katifu. Sai da ta wuce ƙofar sau uku kafin ta iya yi wa maigadi sallama. Da ya ji tana cigiyar ma'aikatan silimar na da, ya nuna mata wata rumfa a tsallaken titi, inda wani tsoho ke zaune tsakanin fankokin da aka farfarke.

"Baba Oluwole ke nan. Shekara ashirin shi ke kunna majigi a nan. Amma in kin tambaye shi, ki nemi wurin zama."

Haka kuwa aka yi. Baba Oluwole haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Tana ambatar fim mai rijiya ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jawo mata benci da ƙafa.

"Na Toma Dogo! 'Yata, wa ya aiko ki? Yau shekara nawa ban ji wani ya tambayi Toma ba. Fim uku ya yi, duka na nuna su. Mutum ne har mutum, in ya shigo allo sai 'yan kujerun gaba su miƙe tsaye. A fim na biyu an nuno shi yana ƙetare kogi da iyo, alhali ko a baho tsoron ruwa yake. Ruwan iya gwiwa ne, durƙusawa ya yi yana wurga hannu. Shi da bakinsa ya gaya mini. Daga baya ya koma koyarwa a firamare can kudancin Kaduna. Yaran da yake zanewa ba su san wa ke zane su ba."

Ƙauna ta buɗe baki za ta yi magana, bai ba ta dama ba.

"Sai Nwankwo, shi ne mugu. Ɗan Jushi ne, nan bayanmu. Bawan Allah ko kaza ba ya iya yankawa, amma fuska Allah ya ba shi ta marasa imani. Matan kasuwa suka daina sayar masa da tumatir. A coci shi ke zagayawa da kwanon baiko, in ya iso layin mata sai ka ga kowace ta rungume jakarta. Har ya mutu ana ce masa Bos. Akwai kuma Peculiar, mai kuka. Ba albasa, ba komai, a ce mata yi, sai hawaye shar. Ita Legas ta tafi, aure ya cinye ta."

Wani mutum ya zo karɓar fankarsa, Baba ya ce masa gobe, ko kallonsa bai yi ba.

"Baba," in ji Ƙauna, muryarta can ƙasa, "yarinyar bakin rijiyar nake tambaya."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau. Ya tashi ya shiga cikin shago, ta ji yana ture-turen kaya, sannan ya fito da wani gwangwanin alewa da tsatsa ta ci murfinsa. Cike yake da ƙananan ƙunshin takarda, kowane da rubutun fensir.

"Kin san yadda fim yake a da? Doguwar leda ce a naɗe, hoto bayan hoto, ashirin da huɗu ne ke ba ki daƙiƙa guda. In ta tsinke a majigi sai mu datse bakin da almakashi mu liƙa da gam. To tunda almakashi na hannu, duk mai majigi in ya ga fuskar da ta burge shi sai ya yanki hoto ɗaya ko biyu ya ajiye. Wa zai lura? Kowa na yi. Mu ba a ba mu hoton jarumai, wannan ne rabonmu."

Ya tona ya zaro wani ƙunshi. An rubuta a kai: mai rijiya.

"Matsalar, naɗi ɗaya ne tak yake zagaya Arewa. Kano su yi sati biyu su turo Jos, Jos su turo Kaduna. Ita wannan yarinya juyowarta ba ta fi daƙiƙa uku ba, kuma duk wanda fim ɗin ya bi ta hannunsa sai ya ɗiba. Kowa yana cewa ɗan kaɗan ne. Da ya iso wurina hoto uku suka rage, ƙiftawar ido ma ta fi su tsawo. Na ce in na bari na Gusau ne zai kwashe. Da safe ina duba naɗin kafin nunin farko na cire su."

Ƙauna ta ɗaga 'yar ledar sama. Ba ta fi kan babban yatsa ba, launinta ya koma ja-ja. Wata yarinya ce ta waiwayo, bakinta a ɗan buɗe kamar za ta yi magana. Goshin dai irin na gidansu ne.

"Kakata ce," ta ce. "A Bomo take. Ta kawo mijinta nan ya gani, bai ga komai ba sai ƙeya."

Ta gaya masa sunan da ake kiran Kaka da shi, da abin da likita ya tambaya, da zancen ranar Asabar. Duk a taƙaice, idonta a kan fankar da ke gabanta. Baba Oluwole ya daɗe yana juya murfin gwangwanin a hannu.

"Ni na ɗauka 'yar Kano ce," ya ce. "Ko 'yar Nijar. Wa zai ce tana nan Samaru tana shan ruwan da nake sha?"

Ya ɗauko almakashi ya raba ledar, ya naɗe mata biyu a takardar. Na ukun ya mayar gwangwani.

"Wannan nawa ne. Shekara hamsin ina mata gadi."

Ranar Asabar da hantsi Kawu Felix ya iso. Ƙauna ta riga ta haɗa jakar kamar yadda aka umarce ta, shi da kansa ya sa ta a bayan mota. Kaka na zaune kan tabarma a inuwar mangwaro, ta yi shigar coci, hannuwanta a kan cinya. Ƙauna ba ta gaya mata komai ba, don ta rasa ta inda za ta fara. Sai da kawun ya ce, "Mama, mu tafi kafin hadari ya haɗu," sannan ta miƙa masa ƙunshin.

"Mene ne wannan?"

"Ka ɗaga shi a rana, Kawu."

Ya ɗaga, ya runtse ido ɗaya. Ya ciro wayarsa ya haska ledar ta baya, ya ce Ƙauna ta ɗauki hotonta da tata wayar ta ƙara girmansa. Suka haɗa kai a kan wayar.

"Me kuke kallo kun yi tsit?" in ji Kaka. "In takardar asibiti ce ku karanta mini, ban kurmance ba tukuna."

"Wani tsoho ne a PZ ya ba ni, Kaka. Shi ke kunna majigi a da. Ya ce daga fim ɗin rijiya ya yanko."

Kaka ta miƙo hannu, aka ɗora mata ledar a tafi. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. Ba abin da take gani sai duhu-duhu. Ta shafa gefenta mai ƙananan huji da yatsa.

"Ɗan kunne ɗaya ne," ta ce. "Na hagu. Na daman ya faɗa rijiyar tun da safe muna gwaji, na ce a jira in aro wani, mai fim ɗin ya ce rana na tafiya. Kallabin kuma na Adunni ne, 'yar mai shagon ƙauyenmu, ya yi mini yawa, na ƙulle shi a gefe. Felix, duba ka gaya mini."

Kawu Felix ya duba. Ya ja hoton da yatsu biyu ya ƙara dubawa.

"Ɗaya ne," ya ce.

"Ƙullin fa?"

"Yana gefe."

Kaza ta zo ta wuce ta tsakaninsu. Wani ɗalibi ɗan haya ya leƙo daga ɗakinsa da buroshi a baki, ya ga fuskokinsu, ya koma.

"To, tukunyar fa, Mama?" in ji Felix. "Ita ma a fim ta ƙone?"

"Tukunya mantawa na yi. Matarka ba ta taɓa ƙona tuwo ba? Wa ya kai ta bene ya kulle?"

Felix ya mayar wa Ƙauna wayarta. Ya zagaya bayan mota ya tsaya yana kallon jakar, hannunsa a ƙugu. Can ya sauke ta ya miƙa wa Ƙauna, ya ce ta mayar ɗaki. Ya ce za a yi aikin idon bayan girbi, kuma kafin Ƙauna ta tafi sai an samo wata daga cikin dangi ta zauna a gidan, wannan ba shawara ba ce. Kaka ta ce ta ji. Tunda bayan motar ya zama fili, ta sa aka ɗora masa rabin buhun masara.

Har ya tayar da mota ta kira shi.

"Felix. Ina da kyau?"

Ya sake duban hoton da Ƙauna ta tura masa.

"Ba laifi, Mama."

"Ubanka ya yi asara," in ji ta. Ta ƙulle ledar a bakin zaninta, ta ce wa Ƙauna ta zo ta taimaka mata ta cire kayan cocin nan, zafi suke mata.