Hannuwan Laure a Bango

Duk Kwanyawa babu wanda bai san bakin Barau ba. Agana ta kama shi ta sake shi, rijiya gaba goma ta rufta da shi ya fito da ƙafarsa, farin da ya ƙare shanun gari bai ko rage masa tumbi ba. Matarsa Laure kaɗai farin ya ɗauke, ita kuwa ba ya sa ta cikin labari.

Shekara biyu kafin rasuwarta, wani Sabi'u mutumin Rogo, wanda ya koyi zane a Zariya, ya zo da 'yar na'urar ɗaukar majigi. Shi ba ya ɗaukar wasa ko labari. Inuwa yake bi, da tsagewar ƙasa, da hannuwan mutane suna aiki. Ya roƙi ya ɗauki Laure tana kaɗi. Barau ya ce, "Hannu dai ka ce, ko? To, hannu. Fuskar matar Barau ba ta 'yan kallo ba ce."

Yau ga Sabi'u ya dawo da abin da ya haɗa. Da hantsi aka toshe ƙofar zaure da tabarmi, aka jona majigin da batirin mota. Barau ya zauna a gaba yana cika baki, wai yau za a ga namiji. Amma tun asuba abu ɗaya ne a ransa: kamannin Laure sun fara ɓace masa, hoto kuwa ba ta taɓa yi ba.

Haske ya faɗa bango, babu magana, sai ƙarar inji. Ga inuwar rimi a kife. Ga tururuwa.

"Kai ɗan nan, injinka ya bugu ne?" in ji Jibo mahauci. Aka yi dariya.

Sai ga hannuwa. Yatsu da farin alli, mazari na juyawa, ga tabon ƙunar da ke babban yatsan Laure. Barau ya matso kusa da bangon. Sabi'u ya juya abin baya, zare na warwarewa yana komawa auduga.

Can hoton ya fara ɗagawa sama. Wuya. Haɓa. Gefen baki ya soma murmushi. Sai wani farin ƙyalle ya rufe bangon gaba ɗaya.

"Me ya tare ta?" Barau ya daka tsawa. "Wane mara mutuncin ne?"

Sabi'u ya sunkuyar da kai. "Baba, rigarka ce. Ta yi dariya, hannuna ya bi ta, kai kuma ka shiga tsakani."

Barau ya tuna. Har kasuwar Karaye ya kai labarin a lokacin, yadda ya yi wuf ya tare ɗan boko.

"Babu saura?"

"Shi ke nan, Baba."

"Tunda ka mai da zare auduga, mai da rigar nan ta matsa."

"Ba ya yiwuwa. Abin da ya shiga, shi ne ya shiga."

Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya, har Jibo. Barau ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a ƙara. Duk sanda haɓar ta ɗago, sai tsohon ya karkata kai gefe, yana leƙen bayan rigarsa.